Maganin da nake ɓoyewa a littafi

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Rabi, daga wani ƙauye kusa da Zakirai.

Ba zan manta ranar da likita ya ce ciwon damuwa gare ni, ba aljanu ba. Ya rubuta mini magani, ya ce in riƙa sha da safe. Don kunyar surukata, sai na ɓoye shi cikin littafin soyayyar da nake karantawa, ina sha bayan isha'i. Damuwa ta fara sauƙi, amma barci ya ƙaurace mini. Ina surfen gero ina gyangyaɗi, har na yi niyyar daina maganin.

Da na koma na faɗa wa likita gaskiya, ya ce, "Amarya, irin naki wartsakar da mutum yake yi. Ki mayar da shi safe, kada ki daina da kanki."

Surukata Inna da ta ji, cewa ta yi, "Yo ni maganin hawan jinina a ɓoye nake sha?"

Alhamdu lillahi, barci ya fara dawowa. Ina gaida ƙawata Zinatu ta Gezawa. Ni dai na yanke shawara: kullum da kokon safe zan sha, a tsakar gida.