Ƙulli Biyu a Jikin Zare

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu, iyayena mata da 'yan'uwana, na nan gida da waɗanda suka taso tun daga Randagi da Kutemeshi. Ga wadda ba ta san ni ba, ni ce Rahila, matar Malam Bitrus da ke koyarwa a firamare, Maman Iliya. Da yawanku kun sha jin ina karanta wasiƙun ɗana a wannan zumunta kuna cewa amin. Yau abin da ban karanta muku ba shi na zo in faɗa.

Ku dubi zaren nan da ke hannuna. Baƙin zaren ɗinki ne kawai, da ƙulli biyu. Da shi na yi wa Allah ƙarya.

Kun san Iliya ma'aikacin gandun daji ne, kuma shi kaɗai Ubangiji ya bar mana. Bara waccan manyansa na Kaduna suka zaɓe shi ya je ƙaro ilimi ƙasar waje, shekara biyu. Wuri biyu aka ba shi. Ko Indiya, inda ake koyarwa da Turanci, ko Kamaru, inda yawancin karatun da Faransanci ne. Yaron da bai taɓa wuce Jos ba. Ya zo gida a kan kekensa, bakinsa ya ƙi rufuwa. Babansa ya ce, "Ai maganar a fili take, Turanci ka iya." Iliya ya ce, "Haka ne, Baba, amma ba zan sa hannu ba sai Mama ta yi azumi ta tambaya mini. Duk abin da Ubangiji ya nuna mata, shi ke nan."

Da na ji an ambaci Indiya sai na tuna baya. Ina da wa, Ɗanladi, wanda aka ɗauka soja lokacin babban yaƙin Turawa ina yarinya. Wasiƙarsa ta ƙarshe daga Indiya ta fito. Babarmu ta tsufa tana leƙen hanya duk ranar da mota ta tsaya, har ta koma ga Ubangiji. Da na buɗe baki na gaya wa ɗana wannan, da ba na tsaye gabanku yau. Amma na ji kunyar a ce mai bishe da addu'ar mata tana tsoron teku.

Na yi azumin, kwana uku cur. Ban ji komai ba. Ba mafarki, ba aya, ba ko sanyin zuciya. A rana ta uku da la'asar na ɗauko littafin taswirar maigida, na tsinko zare daga kwandon ɗinkina. Na danne bakinsa a kan Nijeriya na ja zuwa Kamaru, na ƙulla. Ko gaɓar yatsa bai kai ba. Na sake ja zuwa Indiya, ya wuce tafin hannuna, rabinsa kwance a kan shuɗin teku. Na ƙulla na biyu. Na rufe littafin.

Ran Lahadi bayan sujada na ce, "Iliya, Ubangiji ya nuna mini Kamaru."

Bai yi gardama ba. Ya ciro takardar zaɓen daga aljihu, ashe ya riga ya rubuta Indiya da fensir. A gabana ya goge, ya hure dattin roba, ya ce, "To, Mama, na gode." Wannan godiya ta fi zagi zafi.

Ya tafi. Wasiƙu suka fara zuwa, ni kuwa ina kawo su nan. Inda ya ce ya samu ikilisiya, in karanta muku. Inda ya ce mutanen garin suna jin Fulatanci, ɗan abin da ya tsinta wurin makiyayan dajinmu yana yi masa amfani a kasuwa, in karanta, ku yi dariya. Inda ya ce yakan zauna a aji tun safe kamar kurma, malami na magana yana kallon bakinsa, sai in tsallake da ido. Kuna ta cewa, "Maman Iliya, Allah yana magana da ke, ki sa mu a addu'a." Ina cewa to.

Alhali addu'a ta riga ta ƙafe mini. In na durƙusa, kalmomin na fita amma ba sa wuce rufin ɗaki. Ranar jibin Ubangiji kuwa, da ake zagayawa da gurasa da ƙoƙon ruwan inabi a coci, in ƙoƙo ya iso gare ni sai in miƙa wa ta gaba. Sau uku na yi haka. Gwaggo Tabita, ga ta can zaune, ita ta lura. Ta tare ni a bakin rijiya ta ce, "Ke Rahila, ƙoƙon nan da kike bari ya wuce, kunama kika gani a ciki?" Na ce ciki ke damuna. Ta ce, "Uhum. Cikin da ba ya tashi sai ranar jibi."

A wata na bakwai da tafiyarsa wata wasiƙa ta zo, wadda ban kawo nan ba sam. Iliya ya faɗi jarrabawar farko. In ya sake faɗuwa za a dawo da shi, kuma da wuya aikinsa ya tsira. Babbansa na Kaduna ya tausaya masa, ya aika masa cewa gurbin Indiya na nan har ƙarshen wata mai zuwa, in yana so a mai da shi can. Ku ji abin da ɗana ya rubuta: "Mama, na ce masa a'a. Ba zan bar inda Ubangiji ya ajiye ni ba. Ki dai tambaya mini ko wani laifi na yi."

'Yan'uwa, ƙaryata ta zama igiya a ƙafar ɗana, shi kuma yana neman laifin a jikinsa. Kuna tsammani a ranar na ɗauki biro? Kwana goma sha ɗaya wasiƙar na ƙarƙashin tabarma. Ina tuƙa tuwo, ina shara, ina lissafin yadda za ku dube ni.

Rannan muka shiga bakin daji yin itace da Gwaggo Tabita. Na ɗaga kai sai ga wata bishiyar maɗaci da jan fenti a jikinta, alamar iyakar gandu. Na san hannun. Iliya ne ke ja wa alamarsa 'yar wutsiya a ƙasa tun yana rubutun allo a firamare. Gatarin ya suɓuce mini. Na zauna a kan busasshen ganye na gaya wa Gwaggo komai.

Ba ta rarrashe ni ba. Ta ce, "To yanzu wa kike tsoro, Allah ko matan zumunta? Mu da ko wasiƙar ba mu iya karantawa?" Ta kama hannuna ta ce, "Durƙusa. Ba zan yi miki ba, ke za ki yi."

Na durƙusa na ce, "Ya Uba, ka yi shiru, ni kuma na sa maka magana a baki. Ban amince ka iya riƙe ɗana a bayan teku ba. Ka gafarta mini saboda jinin Yesu." Iyakar abin da na iya faɗi ke nan. Amma a karo na farko cikin wata bakwai na san an ji ni. Yabo ga Ubangiji!

Da na koma gida na gaya wa maigida. Ya tashi ya shiga ɗaki ya fito da zaren nan. Ya ce, "Tun makon da yaron ya tafi na same shi a tsakanin taswira. Na gane. Na yi shiru don ni ma hankalina ya fi kwanciya da kusa." Tare muka rubuta wasiƙar, shi ya kai ta gidan waya da sassafe.

Mako biyar babu amsa. Ranar da ta zo, maigida ne ya buɗe mini. Gurbin Indiya ya riga ya tafi. Wasiƙata ta isa bayan an ba wani, da kwana shida. Ku lissafa da kwana goma sha ɗayan da na yi ina ɓoyo. Wannan hasara ni na jawo masa, kuma gafara ba ta mai da ita ba. Zai maimaita shekara, yana can har yanzu yana fama da Faransanci.

Ga abin da ya rubuta, yau ba zan tsallake ko layi ɗaya ba: "Mama, na yi fushi, shi ya sa na yi shiru. Da kin ce mini tsoro kike ji, da wataƙila don ke ma na zaɓi nan, da zuciya ɗaya. Abin da ban gaya miki ba, na daina addu'a tun wata na uku. Ina ganin Allah ya kawo ni nan don ya kunyata ni. Yanzu da na san ba shi ba ne, mun shirya da shi. Ke ma na yafe miki. Ki aiko mini da yaji da daddawa."

Ashe ba karatunsa kaɗai na kusa kashewa ba.

Na gode wa Allah da ya fitar da ni daga wannan kurkuku da na gina da bakina. Ku ma ina roƙonku gafara, domin kun ce amin a kan abin da ba gaskiya ba. Iyaye mata, 'ya'yanmu za su yi ta tafiya wuraren da ba mu taɓa jin sunansu ba. In kun tambayi Ubangiji ya yi shiru, ku ce ya yi shiru. In tsoro kuke ji, ku ce tsoro ne. Ku dogara gare shi, hannunsa ya fi zarena tsawo.

Lahadin da ta wuce ƙoƙo ya iso gare ni, na riƙe da hannu biyu na sha. Bari a ɗaukaka sunan Yesu. Amin.