Ƙaho Bayan Aikin Zuciya

Assalamu alaikum mai gabatarwa, da fatan kana lafiya. Ni ne Malam Sule, tsohon malamin firamare, daga wani ƙauye kusa da Minjibir. Shekaruna tamanin da huɗu. Mai ɗakina ta rasu, 'ya'yana suna nesa.

Bara jijiyar zuciyata ta toshe. Likita bai ɓoye mini ba, ya ce sai an yi mini aiki, amma a shekaruna aikin yana iya taɓa ƙoda, ko jini ya ɓalle, ko in tafi gaba ɗaya. Na ce a yi. Aka zura siririn bututu ta hannuna aka buɗe jijiyar, Allah Ya tashe ni. Aka ɗora ni kan maganin tsinka jini.

Ga kuskurena. Duk wata Tanko wanzami yakan zo ya yi mini ƙaho. Gaskiya hirarsa nake so, ba ƙahon ba, shi ya sa ban gaya masa zancen maganin ba, don kada ya daina zuwa. Da ya tsaga, jini ya ƙi tsayawa. Sai ya ce, "Malam, kada ka mutu a hannuna ka kashe mini sana'a!" Shi ya nemo motar da ta kai ni asibiti.

Maƙwabta suka ce in daina maganin. Ba zan daina ba, don likita ya ce jijiyar za ta iya sake toshewa. Ƙahon na bari. 'Yan uwana tsofaffi masu shan irin wannan magani, ku gaya wa wanzaminku tun kafin ya zaro aska.

Tun ranar kunya ta hana Tanko zuwa, kuma na san yana jin shirin nan. Tanko, laifin nawa ne. Ka zo ranar Juma'a, ka bar zabirarka a gida. Tabarmarka tana nan a zaure.