Kwanon da Ya Koma Gida Wofi

Ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu, iyayena da 'yan'uwana. Sunana Rahila, 'yar Markus tela, ina ajin ƙarshe a lakwal, wato makarantar boko. Ban iya magana a gaban jama'a ba, shi ya sa na rubuta a takarda. Ku yi haƙuri da rawar muryata.

Manya sun sani, lokacin da 'yan Metodis uku suka fara sujada a Magariya, ba su da ɗaki. Marigayi Malam Ilu, Musulmi, shi ya ba su aron zaurensa. Tun daga nan, duk Babbar Salla matarsa Inna Dije takan aiko mana nama, duk Nowel, wato Kirsimeti, mu kai mata shinkafa. Har kazar ma ɗanta ake kira ya yanka, don gidan su ci da daɗin rai. Kuma Inna Dije ba ta taɓa maido kwanonmu wofi ba, ko a shekarar fari.

Nowel ɗin da ya wuce ni aka aika. Kwanon nan ne mai jan fure, wanda bakin murfinsa ya ɗan kwarzane. Da na isa ƙofa, sai na ji dariyar 'yan ajinmu a ciki, har da Hassu, wadda take ce mini "'yar ƙararrawa" in mushe, wato malaminmu, ya juya baya, saboda ƙararrawar majami'armu. Na buɗe baki in yi sallama, ta ƙi fita.

Na zagaya bayan danga, na zubar wa awaki. Shinkafar da mata shida suka haɗa hannu suka dafa! Na wanke kwanon, na koma gida.

Mama ta ɗaga murfi, ta dube ni. "Ko ƙwayar gyaɗa babu? Me Inna ta ce?"

Na ce, "Ta ce sun daina cin abincinmu."

Wayyo! Ban san daga ina maganar ta fito ba. Mama ta kife kwanon a kan rumbu.

Mako uku ke nan. Matan zumunta suka bar ɗiban ruwa a rijiyar Inna Dije, suna tafiya har bakin kasuwa da tulu. Ni kuwa in na ga jan furen nan sai in sauya hanya.

Ran Lahadi, Baba Yohanna, dattijon ikkilisiyarmu, ya tashi yin addu'a. Ya ce, "Ubangiji, a zauren gidan nan muka fara kiran sunanka. In mun yi wa baiwarka Dije laifi, ka nuna mana." Na buɗe ido kaɗan, na ga hawaye a gemunsa. Tsoho yana neman laifi a kansa, ga mai laifin a kan bencin baya tana cewa amin!

Na ce a zuciyata, "Yesu, bakin da ya ƙi yin sallama, ka buɗe shi." Ban san lokacin da na miƙe ba. Na faɗi duka, har awakin.

Mama ba ta doke ni ba. Da ma ta doke ni! Ta dafa wata shinkafa, ta ɗora mini kwanon a ka, ta biyo ni a baya. Wannan karon na yi sallama da ƙarfi.

Inna Dije ta saurara har ƙarshe, tana ɓarar gyaɗa. Ta ce, "Ni kuwa ina nan ina cewa ko wani ne ya ɓata mu. Zo nan, ja'ira. Bayan wace danga kika zuba?"

Na nuna da hannu.

"Awakina ne. Ashe dai ta iso gida, hanya kawai ta ɓata."

Ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin gyaɗa a tsumma. Tun safiyar Nowel ta ɗaure shi, tana jiranmu. A nan kuka ya ƙwace mini.

Hassu har yau tana tsokanata, amma yanzu ina amsa gaisuwarta ina dubanta. Na gode wa Ubangiji da ya fitar da ni daga tsoro da ƙarya. Wanda yake ɓoye abu irin nawa, ka kai wa Yesu tun yau, kada ka jira mako uku. Amin.