Juyi Uku a Birkin Philemon

Ina jiran faci a rumfar wani tsoho mai gyaran keke a Zuru, wata mata ta turo keken tsere.

"Baba, yatsuna ba sa kaiwa birki. Jiya a gangaren Dabai, gonar dawa na faɗa."

"Keken wa ne, 'yata?"

"Na maigidana, Philemon. Soja ne, yana Borno. Ya ce in koya, kar ya yi tsatsa."

"In na juya ɗan notin nan, birkin zai matso."

"Zai komu yadda yake? Shi hannunsa babba ne."

"Zai komu. Yaushe zai dawo?"

"Tun Kirsimeti ake cewa wata mai zuwa."

Tsohon ya juya a hankali. "Juyi uku na yi."

"Rubuta mini, Baba. Ba na so ya dawo ya ji an canza masa komai."