Ranar da Na Ce Shuwa

Kuɗin tafiyata akuyar Inna ce. Ta sayar da ita a kasuwar Dungas, ta ƙulle dalolin a bakin tsumma ta danƙa mini. Ku yaran yanzu mota kuke hawa. Ni jakunan fataken gyaɗa na bi a ƙasa har Kano, lokacin Faransa na riƙe da mu, Ingila na riƙe da su.

Da girman kai na tafi. Na yi lakwal, wato makarantar boko, wajen 'yan mishan, ina karanta Faransanci, ina da wando mai aljihu. Na tarar Turawan can ba su san ko gaisuwa da Faransanci ba. A Fagge na sauka, gidan wani tsoho mai sayar da igiya. Na duba rufin ɗakin na ce, "Baba, yana yoyo?" Ya ce, "Sai in an yi ruwa."

Na samu aiki a filin da ake jibge buhunan gyaɗa suna jiran jirgin ƙasa. Baturen wurin, Mai Lofe muke ce masa, ya ji ni ɗan manoma ne daga arewa, sai ya yanke cewa na san sama. Ban gaya masa a aji na yi ƙuruciyata ba, ƙannena ne suka san gona. Aikina, tun da damina ta matso, in dubi gabas kowace la'asar in gaya masa ko a rufe buhuna da tamfol. Rufewa wahala ce, leburori duka sai sun hau, kuma da safe a yaye, don zafi na ɓata gyaɗa.

Ya koya mini kalmominsu hawa-hawa, kamar tsani. Shuwa, wato tabbas. Ƙasa da shi furobabili, zato mai ƙarfi. Wannan na daɗe ina cizon harshe a kansa. Sai mebi, wataƙila. A can ƙasa kuma aidawut, da wuya. Ni mebi na ƙaunata. A gidanmu ba mai cewa tabbas a kan ruwan sama, in Allah ya yarda ake cewa, kuma mebi ce ta fi kusa da ita.

"Ilu, za a yi ruwa?"

"Mebi, sa."

"To ba za a yi ba?"

"Mebi, sa."

Da Hausarsa mai karkace ya ce, "Ba a rufe rabin buhu da mebi."

Ya haƙura da ni har ya gaji. Ran nan ya ciro lofe daga baki ya ce daga yau kalma biyu ya bar mini, shuwa a rufe ko shuwa a bari. In ya sake jin mebi, in nemi hanyar ƙasarmu.

Na fita na tsaya. Gabas ta ɗan yi duhu, kamar ƙasan tukunya da ba a wanke sosai ba. Tanko, shugaban leburori, ya matso yana taunar goro. Tun asuba suke lodin jirgi, kafaɗarsa duk ta saɓule.

"Ɗan Faransa, wannan hadarin na mutanen Hadeja ne. Kada ka hau da mu sama a banza."

"Ka tabbata, Yaya Tanko?"

"Ni aka ɗauka duban sama? Kai ne mai wando."

Na koma ofis. A raina mebi ce, tsakani da Allah, ita ce kawai gaskiyar da nake da ita. Na miƙe kamar soja na ce, "Shuwa, sa. Ba ruwa." Har ya dafa kafaɗata, ya ce yau na zama mutum.

Leburori ba su kai bakin titi ba iska ta juyo. Ruwan da aka yi, tamfol ɗin da ke naɗe ma ya sha. Muka yi ta ja a cikin laka, na rasa takalmi ɗaya. Bayan kwanaki buhunan sama suka yi furfura, wasu har tsiro ya huda su ya leƙo.

Mai Lofe bai yi faɗa ba, abin da ya fi mini ciwo ke nan. Na tambaye shi ko akwai wani aikin, ko shara ce. Ya dubi lofensa ya ce zai yi tunani. Tanko ne ya fassara mini a waje: in Bature ya ce zai yi tunani, ya riga ya gama. Ya ɗora mini buhu ɗaya daga cikin jiƙaƙƙun, ya ce ba mai nemansa.

Da shi na shiga Dungas. Inna ta kwance buhun. Ta shanya gyaɗar, ta tsince, ta soya, ta matse. Man ya yi wari, ba ya ciwuwa, ƙuli-ƙulin ko kaji sun ƙi. Sai ta zuba shi a fitilar kasko. Da shi muka ga tuwonmu duk daminar nan, kowa na toshe hanci.