Hannayen da Ke Cikin Baho

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe shugaban ma'aikatarmu, malamai da dattawa, Hajiya uwargidan marigayi, 'ya'yansa da jikokinsa, abokan aiki da maƙwabta, sannunmu da haƙuri.

Ni ce mai riƙe kyamara a ɗakin da muke ɗaukar tallace-tallace, marigayi kuma shi ke haɗa mana fitilu. Ku a unguwa Baban Kumfa kuke ce masa. Mu muka jawo masa sunan nan, don haka bari in faɗi yadda aka yi.

Kun dai san tallar sabulun wanki. Uwargida ta duƙa gaban baho, maigida na kan kujera da jarida, a ƙarshe ya shinshina rigarsa ya gyaɗa kai, sai ka ce shi ya sha wahalar. Haka muka yi ta yi, ba wanda ya taɓa cewa don me. To, 'yar wasan da ke fitowa a uwargida dogayen farce gare ta, ta ce ba za ta yanke su saboda sabulu ba. Marigayi kuwa ga siraran yatsu, ga iya cuɗa wuyan riga. Sai muka zura masa awarwaro, muka matso da kyamara kan baho. Shekara da shekaru fuskar tata ce, hannayen nasa ne.

Ya kasance mai barkwanci, da kansa yake zaɓar awarwaron da ya fi ƙara. Ya kasance mai rufa asirin gidansa. Mun daɗe ba mu san inda ya koyi wanki ba, ashe tun da ciwon gaɓoɓi ya kama hannayen Hajiya, shi ke wanke kayan gidan, ƙofa a rufe. Hajiya, ke kika ce in faɗa, ga shi na faɗa.

Wata rana ana shirin ɗauka, sai ya cire awarwaron ya ajiye a kan tebur. Ya ce mini, "Ƙanwata, yau ɗaga kyamarar sama. Na gaji da ɓuya a wurin aiki, in koma gida in sake ɓuya."

Wakilin masu sabulun ya ce mata ba za su saya ba, maza kuma za su ji an ci mutuncinsu. Shugaba ya ce a gwada, amma in abu ya ƙi, marigayi ne zai nemi wani aikin. Ya ce ya yarda. Sai na ɗaga kyamarar, muka ɗauke shi har fuskarsa.

Talla ta fita, kuma ba zan ɓoye muku ba, ya sha dariya. Duk ya shanye, ban da abu ɗaya: babban ɗansa ya daina jerawa da shi a titi. Wannan kam ya sa shi kuka a gabana, a bayan fitilu. Amma sabulu bai yi kwantai ba. A hankali maza suka fara tare shi, murya ƙasa-ƙasa, suna tambayar yadda ake fitar da maiƙo daga riga. Wasunsu na zaune a nan, ba zan nuna kowa ba.

Bayan rasuwarsa masu sabulun suka ce za su janye tallar idan iyali na so. Muka je gidan, domin babban ɗan ne zai yanke magana, kuma mun san abin da ya shiga tsakaninsu. Ya saurare mu har muka gama. Sannan ya ce, "Ku bar Baba ya ci gaba da wankinsa. Ɗana bai yi wayon saninsa ba. Ina so ya tashi yana ganin fuskar kakansa."

Kai kuma babban ɗan marigayi, da ma mahaifinka ya ji wannan da kunnensa. Mu dai mun ji, kuma mun gode maka. Hajiya, ki ƙara haƙuri, kin yi miji.

Mun gode wa duk wanda ya baro aikinsa ya zo. Allah Ya jiƙansa, Ya wanke shi daga kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa, Ya raya jikan nan a kan halin kakansa. Amin.