Ɗan da Na Goya Ya Ƙi Ɗaukata

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, wanda ya bar mana numfashi har muka ga juna yau. Iyayena mata da 'yan'uwana na zumunta, salamar Ubangiji ta zauna tare da ku.

Sunana Saratu, matar marigayi Bitrus na bayan tashar jirgi. Da yawanku kun san ni da tulu a cinya, ni nake buga muku shi in za mu raira waƙa, kun kuma san akwai lokacin da na ajiye shi ban ce wa kowa komai ba. Yau zan faɗi dalili, tun da ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma in gaya muku tun yanzu, shaidata ba irin wadda ake rangaɗa wa guɗa ba ce. Ba wanda ya tashi daga matattu a cikinta, ba kuma dokar da aka soke.

Na zo Kaura ina amarya, Bitrus yana aikin jirgin ƙasa. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan Hajo, Musulma, Bazamfara ta asali, wadda ta gama yi wa Hausata dariya kafin ta koya mini munka da sunka. Kwanonmu ba ya hutawa. Da Sallah nata ya tsallako, da Kirsimeti nawa ya tsallaka, ba kuma wadda ke mayar wa 'yar'uwarta kwano wayam.

Da ta haifi ɗanta na fari, Lawali, kun dai san al'ada. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Yaro ya yi ta tsala kuka, Hajo ta kau da kai kamar ba ita ta haife shi ba, alhali cikinta na ƙuna. Ni kuwa wannan kunyar ba ta ɗaure ni ba, lokacin kuma ban samu nawa ba tukuna, sai na ɗauka. A bayana ya yi haƙora. Zannuwana sun sha fitsarinsa har na daina ƙorafi. In Hajo za ta ambace shi sai ta ce ɗan Saratu.

Ya girma, ya yi aure, ya sayi mashin yana kabu-kabu. Jirgi ya daina zuwa yadda ya saba, Bitrus ya koma saye da sayar da hatsi a Kasuwar Daji. Aka ba mu sabuwar jiha muka yi murna tare da kowa. Ba a jima ba aka ce an kafa Shari'a, aka ce mace ba za ta sake hawa bayan ɗan kabu-kabu ba. Wasu 'yan'uwanmu suka ɗaure kaya suka bar gari. Bitrus ya ce ba inda za mu, nan ne gida, mutanen nan kuma sun san mu.

Ranar wata cin kasuwa, da hantsi, ina tankaɗe, wani ya faɗo gidan yana haki ya ce Bitrus ya yanke jiki ya faɗi a kan buhunansa, an kai shi wani ɗan ɗakin shan magani a can, yana ta kiran sunana. Ko ɗankwali ban ɗaura daidai ba na fito. Sai ga Lawali a ƙofar gidansu yana goge mashin. Na ce Allah na gode maka. Na gaya masa, na kama bayan mashin zan hau.

Ya riƙe kan mashin bai tayar ba. Ya ce, "Inna Saratu, ki yi haƙuri, ba ni iyawa. Shekaranjiya anka kama wani da mace bisa mashin, anka yi mai bulala gaban jama'a, anka amshe mashin ɗin. In sunka amshe wanga, mi ɗiyana za su ci?"

Na ce, "Lawali, ni ce fa. Ni na goya ka."

Ya sunkuyar da kai. "Na san haka, Inna. Su ab ba su san haka ba."

Ya ce zai je ya nemo mini mota. Ban tsaya saurarensa ba. Na tafi tasha da gudu, tsohuwa da ni, na samu motar da ke ɗaukar mata, na zauna ina jiran ta cika. Ba ta cika ba sai da ta ga dama. Na roƙi direba in biya kuɗin kujerun da suka saura, na laluba bakin zanina na tarar ko sisi ban fito da shi ba. Ina zaune mashina suna wucewa ta gabana, wasu ba kowa a bayansu, wani ma da akuya ɗaure. Akuya ta hau, ni ban hau ba!

Da na isa na tarar an rufe shi da zane. Abokin cinikinsa ya ce mini bai jima da cikawa ba, idonsa kuma bai bar ƙofa ba har ƙarshe. Ya yi nufin ya sanyaya mini rai ne, da ya sani da bai faɗa ba. Ban ce Lawali ya kashe mini miji ba, kwanan Bitrus ne ya ƙare. Amma akwai maganar da mijina ya riƙe mini a baki, har yau ban san ko mece ce ba.

Aka yi zaman makoki. Kuka zo, na gode muku. Amma ku yafe mini in faɗi gaskiya, kowa ya zo da ayarsa a baki kamar mai tallan goro, ya ajiye mini ya tashi. Haƙuri maganin duniya, haƙuri maganin duniya, har na tsani kalmar. Hajo ta aiko da kwanon tuwo kamar yadda maƙwabta ke ciyar da gidan rasuwa. Ban buɗe murfin ba. Na sa aka mayar mata da shi yadda ya zo, da zafinsa. Duk wadda ta tashi a ƙasar nan ta san abin da wannan ke nufi, gara ka mari mutum.

Daga nan na kama addu'a, amma wace irin addu'a? Tun ina yarinya na ji ana cewa Ruhu Mai Tsarki wuta ne, iko ne. To, ni wuta nake nema. Na durƙusa na ce ya sauka a kan Lawali, ya sauka a kan mashin ɗin, ya sauka a kan duk wanda ya zauna a inuwa ya yanke cewa bayan mashin ya fi ƙarfin tsohuwa mai zuwa ganin mijinta. Na ɗauki Ruhun Allah kamar karen gida, in nuna masa mutum in ce kama. Bai kama kowa ba. Lawali ma sai ƙiba ya yi, ya sake sabuwar taya.

Da na ga haka sai bakina ya rufe. In na durƙusa ba abin da ke fitowa. In na zo sujada kuna waƙa, ni ina ƙirga kwanon rufi. Na kife tulu a bayan ɗaki. Bakina kullum ɗaci kamar na tauna maɗaci, abinci ba ya shiga, na rame har zobena ya faɗi cikin kwanon wanke-wanke. A asibiti suka ce hawan jini, suka ba ni ƙwaya. 'Yata da ke aure a Gusau ta ce in tattara in komo wurinta. Wani baƙon mai wa'azi ya zo, ya ɗora mini hannu yana ta ihun wuta, wuta, yana tura goshina don in faɗi. Na kafe ƙafafuna. Na ce a raina, malam, na riga ka kiran wutar nan, ba ta zuwa.

Abin da na fi tsoro ke nan, 'yan'uwa, ban kuma gaya wa kowa ba: kada in mutu bakina a rufe ga Allah.

Duk wannan lokacin Hajo ba ta daina zuwa ba. An share makoki, kowa ya koma harkarsa, ita kuwa in ta yi la'asar sai ta shigo da 'yar tabarmarta ta shimfiɗa a bakin ƙofar ɗakina. Ta ce, "Saratu, ya haƙuri?" Ba na amsawa. Ta zauna tana tsince wake, ko ta zauna haka kawai, in rana ta yi ƙasa ta naɗe tabarma ta tafi. Na juya mata baya, na yi shara ƙura na bin ta, na yi habaici da kaji. Gobe sai ga ta. Na yi ta jira ta buɗe baki ta roƙa wa ɗanta gafara don in samu abin da zan yayyaga, ba ta taɓa ba. Na ce girman kai ne.

Ran nan ta zo tana tari, ta rame ita ma. Da za ta tashi sai ta daɗe tana naɗe tabarmar, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Saratu, kin san ni ba ni da bakin roƙa mai. Ɗanki na. Ke kig goya shi."

Na ji ta sarai. Ban amsa ba.

Kashegari ba ta zo ba, jibi ma haka. Na kama kaina ina leƙen ƙofa in an yi la'asar, ina jin haushin kaina. Sai wata safiya ina hura wuta na ji kuka ya tashi ta bayan katanga, na ji muryar matar Lawali, na san Hajo ta cika.

Na shiga ɗaki na zube a gaban gado. Ban yi niyyar addu'a ba, ba ni da ita. Sai wani nishi ya taso mini tun daga cibiya, irin na mai naƙuda, ba kalma a cikinsa ko ɗaya. Ya fito, wani ya biyo. Na so in tsayar na kasa. Na san kukana, na yi shi har na gaji, wannan ba shi ba ne. Wani ne yake roƙo a cikina, da bakin da ni na rufe. Da kalma ta farko ta samu hanya ta fito, ba Bitrus ba ce, ba kuma wuta ba. Ji na yi ina cewa, Ubangiji, Lawali. Ubangiji, Lawali ba shi da uwa.

Ni ban zaɓi wannan addu'ar ba, Allah ne shaidata. Da an bar ni da ba ita zan yi ba.

A nan ƙasan na gane wanda na yi ta aike kamar yaron gida. Ruhu Mai Tsarki ba abu ba ne da za ka ɗauka ka jefi maƙiyinka da shi. Shi Allah ne, yana da nufinsa, ana ɓata masa rai, na kuwa ɓata masa. Ban ce Hajo ita ce Ruhu ba, kada wata ta fita ta ce Saratu ta faɗa. Amma da ban ga zaman da matar nan ta yi a ƙofata ba, da ban gane nasa ba. Tun ranar Kasuwar Daji yana nan zaune, ina juya masa baya, bai yi fushi ya naɗe tabarma ba. Da lokaci ya yi kuma, shi ya roƙa wa wanda uwarsa ba ta da bakin roƙa masa.

Na tashi na wanke fuska, na tuƙa tuwon dawa, na kaɗa miyar kuka yadda Lawali ke so tun yana ƙarami. Ban aiki kowa ba, ni na ɗauka. Yana zaune a ƙofar gida cikin maza, an dawo daga maƙabarta. Da ya gan ni ya miƙe, sai kuma ya durƙusa, ƙato da shi, gemu da komai.

Na ce, "Lawali, ya haƙuri?"

Ya ce, "Inna, kin zaka?"

Na ce na zo. Na wuce ciki wurin mata na ajiye kwano, na zauna a kan tabarmar Hajo.

Kada ku ɗauka komai ya gyaru. Dokar tana nan, jiya ma da ƙafa na je asibiti karɓar ƙwayata. In na ga mashin ya wuce ba kowa a baya, har yanzu raina na ɓaci. Lawali bai ba ni amsar da za ta ishe ni ba, ba shi da ita. Hajo kuma ta tafi ban amsa mata gaisuwa ko sau ɗaya ba, wannan zan kai shi kabari. Ban koma Gusau ba. Amma bakina ya buɗe, ina cin abinci, ina addu'a, wani lokaci da faɗa, amma ina yi.

Ranar da na kai tuwon, da yamma, matar Lawali ta dawo mini da kwanona. Na karɓa ina tsoron buɗewa, don na san abin da na cancanta. Na buɗe murfin. Sun cinye tas, an wanke, an zuba 'yar gyaɗa a ciki don kada ya dawo wayam.

Na gode wa Uba, na gode wa Yesu Mai Cetona, na gode wa Ruhu Mai Tsarki da bai tashi daga ƙofata ba. Ke da kike zaune nan bakinki a rufe, kina motsa leɓe don kada a gane, na san ki, na zauna a kujerarki. Kada ki ƙago addu'ar da ba ki da ita. Ki dogara gare shi, ki bar masa ƙofa, ya iya jira, ya kuma iya roƙo. Sai dai ki shirya, don ba lalle ba ne ya roƙa wa wanda kike so.

Yanzu wata ta miƙo mini tulun nan. Na daɗe ban taɓa shi ba, in hannuna ya kuskure ku rufa mini asiri da murya. Amin.